Garin Kuka da Kat-kat ɗin Baban Farida

Ni dai tun ranar da aka kawo kat-kat ɗin nan, irin motar da ƙafafunta huɗu duk ke ja, ƙofar gidanmu a Madarunfa hankalina bai kwanta ba. Tsohuwar mota ce tukuf, amma an wanke ta tas, har injin yana ƙyalli. Wa ke wanke inji in ba mai ɓoye wani abu ba? Yayana Illo ne ya kawo ta daga Ɗan Issa. Ya shigo madafa muka gaisa, ya ce in ɗibar masa garin kuka, wai matarsa Zulai ta ce nawa ya fi daɗi. Na cika masa leda.

Bijimaina biyu da na sha wahalar kiwo aka sayar aka biya shi. Maigidana, Baban Farida, zai riƙa kai 'yan kasuwa Gabi, hanyar da yashi ke kayar da ƙananan motoci. Sharaɗi ɗaya na kafa: in ta nuna aibi kafin kasuwa ta zagayo, a mai da ta, a maido mani da abina. Yaya Illo ya dafa ƙirji ya ce ya yarda.

To, sai abubuwa suka fara. Kullum can kan gangaren bakin tabki Baban Farida yake ajiye ta, hanci ƙasa. Na ce, "Me ya sami ƙofar gida?" Ya ce inuwa yake nema mata. Inuwar me, wurin da ko geza babu? Ya dawo daga Gabi da ƙasa har gwiwa, ya ce ba komai. Sai maƙwabciyata Fati, wadda ta shiga motar, ta tsegunta mani cewa a yashin gulbi ƙafafun baya kaɗai ke juyawa, maza suka sauka suka tura. Kai, wannan kuma kat-kat ɗin me ce?

Ana haka kukata ta riƙa raguwa a kwano. Na zargi ɓera, na zargi Farida, wallahi har Fati sai da na yi wa kallon banza.

Ranar da wa'adi zai cika, da hantsi, na ga maigidana ya fita da jarkar ruwa, aljihunsa a kumbure. Na yafa mayafi na bi shi. Na same shi ya ɗaga kapo, wato murfin inji, yana zazzaga kukata daga leda cikin tankin ruwan injin.

Na ce, "Baban Farida, miya kake yi wa motar?"

Ya zabura har ya buga kai. Ya ce, "Ɗelu, tankin ne ke yoyo. Kuka in ta yi kauri tana toshe hujin. Direbobin daji duk haka suke yi."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin da aka kawo ta."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gangara da ita ta tashi, tunda na gane sai da gangara take tashi, mu je Ɗan Issa yanzun nan. Yau ce ranar ƙarshe."

Bai motsa ba. Ya ce, "Na je shekaranjiya. Illo ya ce shi bai san da wani sharaɗi ba. Ban so ki ji ba ne, ɗan'uwanki ne ciki ɗaya."

"To wa ya koya maka wannan shashancin na kuka?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi ne. Ya ce ranar ma da ita ya toshe, kafin mu fita gwaji."

Na tsaya ina kallon ledar da ke hannunsa. Ranar da Yaya Illo ya roƙa, ni da kaina na danna garin da hannu don ledar ta ƙara ci. Har na bi shi zaure ina cewa ya gaida mani Zulai.