Fanken da Bai Yage Ba

Eloi ya durƙusa gaban kabad ɗin ƙasa, ya zura hannu bayan babbar tukunyar da ba sa saukewa sai lokacin Kirsimeti, ya jawo jakar garin alkamar da ya ɓoye. Yana ɗan fito. Matarsa Coralie ta kama jirgin ƙasa tun ƙarfe takwas, ba za ta dawo ba sai Litinin. Yana da kwana uku cur na yin burodin kakarsa, ya ci da man shanu, ya buɗe tagogi, ya goge ko'ina da ruwan lemun tsami.

Ya kwance bakin jakar ya cusa yatsu. Fiton ya tsaya.

Garin yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa, kamar yashi mai laushi. Ya damƙi kaɗan ya matse, ya buɗe tafin hannu, garin ya zube bai dunƙule ba. Garin shinkafa ne.

Ya ɗaga kai a hankali. Can a kan kanta, gefen murhu, ga ɗaya jakar zaune, bakinta a buɗe, cokalin awo tsaye a cikinta tun asuba. Iri ɗaya ce da wadda ke hannunsa: rubutu ɗaya, hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi ɗaya. Shi da kansa ya zaɓi ya riƙa juye garin alkama a tsohuwar jakar garin shinkafa, don ko an gani kada a yi tambaya. Ran Lahadin da ta wuce Coralie ta dawo da wuri daga gidan ƙawarta, ya ji mukullinta a ƙofa, ya wurga jaka ɗaya bayan tukunya, ɗaya kan shiryayye, bai duba ba.

Ya miƙe, ya matse garin da ke kan kanta. Ya dunƙule, har da shatin yatsunsa.

Da wannan ya soya mata fanke shida yau da safe, sirara, ya naɗe su da naman kaza da cuku, ya jera a akwatin abincinta mai shuɗin murfi. Har ya ɗaga murya yana mata kirari ta ƙofar banɗaki: "Ke, zo ki ga ikon Allah! Yau ko ɗaya bai yage ba!" Ita kuma daga cikin ruwa ta amsa, "A ba mai gida lambar yabo!"

Fanken garin shinkafa kullum sai ya yage. Shekara huɗu yana soya shi. Ya kamata ya gane.

Agogon murhu ya nuna goma da minti arba'in. Coralie ba ta cin abincin rana sai sha biyu daidai, ko a gida, ko a ofis, ko a jirgi.

Ya kira ta. Muryarta ta ajiye saƙo ce ta amsa, cikin fara'a. Ya sake kira. Ya rubuta: Kada ki ci fanken. Saƙon ya tsaya yana juyi, bai tafi ba. Ya san dalili. Jirgin da ke tashi daga Montreal zuwa Jonquière, da zarar ya wuce garuruwan bakin kogi, daji yake shiga, sa'o'i a jere ba komai sai itatuwa da tafkuna, ba wayar da ke kamawa.

Ciwon Coralie ba irin na masu yayin ƙin burodi ba ne. Ɓurɓushi ɗaya na alkama ya isa ya yi wa hanjinta rauni. Lokacin ƙarshe da aka yi kuskure a wani gidan cin abinci, ɗan gari ne kawai aka sa don miya ta yi kauri, ta kwana biyu a asibiti ana ƙara mata ruwa, ta yi mako ba ta iya haɗa jimla ba tare da ta manta farkonta ba. Fanke shida kuwa! Gobe da ƙarfe biyu ake ɗaura auren ƙanwarta, kuma tunda mahaifinsu ya rasu, Coralie ce za ta riƙo hannun amarya ta shigo da ita coci.

Ya kira surukarsa, Ghislaine. Ta ɗauka cikin hayaniyar mata da ƙarar kwanuka.

"A'a, sarkin tukwane! Ka ƙi zuwa bikin wai aiki, yanzu kuma kewa ta kama ka tun ba a je ko'ina ba?"

"Mama, Coralie ta kira ki?"

"Daga cikin dajin nan? Da wace waya, ta ɓauna? Sai sun fito wajen tafki. Lafiya dai? Muryarka wata iri."

"Lafiya lau. Abu ta manta."

"Ai dai ba abincinta ba ko? Ni nan na ware mata tukunya sabuwa, cokali sabo, na kori kowa daga gefen. Na ce musu, wanda ya kawo min gari kusa da nan sai na aske shi. Amma na san ba za ta yarda da ni kamar yadda ta yarda da kai ba. Kullum Eloi kaza, Eloi kaza."

Ya ce sai an jima, ya kashe.

Bai tsaya neman safa ba. Ya zura takalmi, ya sauka a guje, ya faɗa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke ƙarshen layinsu. Jirgin ya zo a cike. Ya tsaya riƙe da ƙarfe, fuskarsa na kallonsa daga baƙin gilashi, akwai farin gari a gemunsa. Kowace tasha ƙofofi su buɗe, su yi jinkiri kamar da gangan, su rufe.

A gidan cin abinci suka fara haɗuwa, a teburin abokai. Ya ga yadda ta karanta takardar abinci sau uku, ta ce ruwa kawai za ta sha, tana murmushin wadda ta gaji da bayani. Shi ya kira mai kawo abinci ya tsare shi da tambaya. Dankalin nan, a man da kuke soya kaza mai gari kuke soya shi? Allon yanka ɗaya ne? Je ka tambayi mai dafawa, za mu jira. Abokai suna dariya suna ce masa lauya. Coralie ba ta yi dariya ba. Ta dube shi kamar wanda ya buɗe mata taga a ɗaki mai hayaƙi. Ranar da suka tare, shi ya kwashe injin gasa burodi da cokulan katako ya kai wa maƙwabta, ya ce gidan nan alkama ba ta ƙara shigowa.

Tun daga lokacin shi ne mai girki. A watannin nan ma ta tsiro da wata ɗabi'a da yake so fiye da komai: idan ya kunna murhu sai ta haye kan kanta, gefen taga, ta zauna tana kaɗa ƙafa, tana ba shi labarin ofis, idonta a kan hannuwansa. Ya taɓa gaya wa abokinsa cewa duk wanda matarsa ba ta zama ta kalle shi yana yanka albasa, bai san aure ba.

A watan Fabrairu likita ya ce gwajin jininta ya nuna har yanzu wani abu na shiga cikinta. A hanyar dawowa, cikin irin wannan jirgin, ta jingina da kafaɗarsa ta ce, "Eloi, babu komai a gida ko?" Ya ce, "Haba, me kuwa?" Ya sumbaci goshinta.

Sha ɗaya da minti ashirin ya shiga zauren babbar tashar jirgin ƙasa, inda Coralie ta hau da safe. Mutum uku a layi gabansa. Da ya iso, ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai tabarau a sarƙa, ta dube shi daga sama zuwa ƙasa.

"Matata tana jirgin Jonquière. Ina so a isar mata da saƙo kafin sha biyu."

"Rasuwa aka yi?"

"A'a. Fanke ne."

Ta sauke tabarau. "Ɗana, akwai mutane a bayanka."

Ya yi bayani da sauri, kalmomi na karo da juna. Da ya ambaci sunan ciwon, fuskarta ta canza. Ta jawo takarda.

"Jikata na da shi. Sunanta? Kujerarta? To. Me za a ce mata?"

"Kada ta ci abin da ke cikin akwatin."

"Shi ke nan? Baƙo ya tsaya a kanka ya ce kada ka ci abincin da mijinka ya dafa, za ka ji? Ba ni dalili."

Wani mutum a bayansa ya yi tsaki.

"A ce mata garin alkama ne. A ce... ina da shi a gida. Na ɓoye. Tun bara."

Biron ya tsaya. Sannan ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta shiga ciki, ta daɗe, ta dawo.

"An ba masu kula da hanya, za su nemi ma'aikatan jirgin ta rediyo. Yaushe zai isa kunnenta, ban sani ba. Je ka zauna." Har ya juya ta ƙara da cewa, "Ka goge gemunka."

Ya zauna a benci yana fuskantar babban agogon. Sha biyu saura kwata. Saura biyar. A zuciyarsa ya ga Coralie ta sauke ɗan teburin da ke bayan kujera, ta shimfiɗa tsummanta kamar yadda take yi, ta goge hannu, ta ɓalle shuɗin murfin. Ya ga ta yi murmushi ga ɗan zanen zuciya da ya yi a takarda ya manna. Sha biyu ta buga. Kusa da shi wata mata tana ɓare burodi tana ba ɗiyarta, ɓurɓushi na zuba a ƙasa.

Ƙarfe ɗaya. Biyu. Yawanci bayan awa biyu ciwon ke fara murɗa ta. Banɗakin jirgi ɗan ƙarami ne, yana girgiza, kuma asibiti mafi kusa yana bayan daji. Ya koma wurin dattijuwar sau biyu, sau biyu ta girgiza kai.

Uku da rabi wayarsa ta yi ƙara. Ta kusa suɓuce masa.

"Coralie! Kin ci? Gaya min, kin ci?"

Ƙarar ƙafafun jirgi a kan dogo, tak-tak, tak-tak. Muryarta ta zo a natse.

"Wani bawan Allah mai hula ya kawo min takarda wajen ɗaya da rabi. Yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi."

"Ɗaya da rabi? Wayyo. Nawa kika ci?"

"Ko ɗaya."

Ya rufe ido. Ya ji hawaye na bin hancinsa. "Allah na gode. Allah na gode. To me kika ci? Kina nan da yunwa?"

"Na tsaya shagon matar nan da ke bayan tasha, wadda ba ta shigar da alkama ko kaɗan. Na sayi shinkafa da kifi a rufe. Naka na zuba a kwandon shara kafin in hau. Akwatin na wanke."

"Kafin ki hau? To ta yaya kika..."

"Ina wanka ka soya, Eloi. Ban gani ba."

Bai fahimta ba. Ko kuma ya fahimta, bai so ba.

"Tun Fabrairu na san da jakar," ta ce. "Daren da muka dawo daga wurin likita ka fita sayen madara, na duba. Na ɗiga mata jan farce a kusurwar ƙasa, na mayar."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na tambaye ka sau ɗaya. Sai na ce bari in jira ka faɗa da bakinka. Duk ranar da na shigo na ji ƙamshin lemun tsami, sai in ce yau zai faɗa." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ashe sai ta rediyo."

"Burodin kakata ne kawai, Coralie. Ƙamshin ne. Ban taɓa nufin..."

"Na sani. Da ka ce min kana kewarsa, da na raka ka gidan burodi na zauna ina kallonka kana ci." Jirgin ya yi kuka mai tsawo. "Za mu sake shiga duwatsu, wayar za ta yanke. Ka ji, idan na dawo Litinin, ba na so in ƙara hawa kantar nan. Bayana ya gaji."

"Coralie..."

Ta yanke.

Ya koma gida a jirgin yamma, cikin ma'aikata masu gyangyaɗi. Kicin ɗin na nan yadda ya bar shi, jaka ɗaya a ƙasa, ɗaya gefen murhu. Ya tsaya a inda yake tsayawa kullum, ya duba ta gefen murhun, bai ga komai a jikinta ba.

Sai ya dafa kanta ya haye, gefen taga, daidai inda take zama. Wurin yana da sanyi, ƙugiyar kabad na tokarar baya. Daga nan ana ganin murhu, da allon yanka, da shiryayye, da ƙofar kabad ɗin ƙasa. A kusurwar jakar gefen murhu kuwa, ga ɗan jan ɗigo, ƙarami kamar ƙwayar barkono, yana kallonsa.