Mata Uku a Jikin Jaka

Akwati na huɗu ake buɗewa lokacin da jakar ta fito. Hajiya Fauziyya, gwaggon ango, ita ta zaro ta da kanta daga cikin wani farin ƙyalle, ta ɗaga ta sama da hannu biyu kamar wadda ta ɗauko jariri daga wanka.

"Wannan kuma ku dube ta da kyau," in ji ta. "Ba irin ta kasuwar Kwari ba ce. Uwar ango ce ta zo da ita daga waje."

Tsakar gidan Hure bai taɓa ɗaukar mutane irin na yau ba. Motoci uku ne suka taso daga Kano, suka baro titin Zakirai suka biyo burji, don kawo lefen Humaira. Humaira ɗiyar yayar Hure ce. Tana da wata bakwai uwarta ta rasu, Hure ta ɗauke ta, ba ta kuma sauke ta ba sai da ta zama ma'aikaciyar jinya a birni. A can ta haɗu da Najib, angon nata. Yanzu tana ƙuryar ɗaki an sakaya labule, don amarya ba ta zama a wurin lefenta, sai dai kunnenta ya zauna.

Jakar ta fara yawo hannu zuwa hannu. Fata ce mai taushi, da maɗauki ruwan zinare, amma ba wannan ne ya tsayar da mata ba. A jikinta akwai zanen wata gona da aka gama girbe. Mata biyu sun duƙa har ƙasa suna tsintar wani abu, ta uku kuwa ta ɗan miƙe, ba ta duƙa ba, ba ta kuma tsaya sosai ba.

Nan fa kowa ta zama malama. Wata ta ce ba a shiga da ita ɗakin da ake salla, tunda akwai hoton masu rai. Wata ta ce ai fuskokin ba su fito ba, da sauƙi. Wata tsohuwa 'yar garin ta kanga ta a rana, ta ce ita dai ba ta yarda da jakar da mutane ke zaune a jikinta ba, kana barci ba ka san abin da suke yi ba. Aka yi dariya.

"Zane ne na wani Bature, ya fi shekara ɗari," in ji Hajiya Fauziyya. "Na ainihin yana rataye a gidan tarihi, mutane na bin layi su gani. Jakar nan kuɗinta ya fi na bijimin sa."

"Ita ta tsayen fa?" wata ta tambaya.

"Da alama ita ce uwar ɗakinsu, tana duba aiki."

Sai jakar ta iso hannun Hure. Kallo ɗaya ta yi mata ta gane. Ba ta bukatar Bature ya gaya mata abin da matan nan ke yi. Kala suke yi. Shekara goma sha tara Hure ta yi tana wannan duƙon. In mai gona ya cire gyaɗarsa ya kwashe, ita kuma ta bi bayansa da 'yar fartanya da ƙwarya, tana tonon wadda ta maƙale a ƙasa. Ta tara, ta ɓare, ta soya, ta matse mai, ta murza ƙuli, ta kai kasuwar Zakirai. Da goyon Humaira ta fara, ta gama Humaira na sanye da fararen kaya. Har yau in baƙo ya tambayi gidanta, sai an ce masa, wace Huren, mai kala?

Ta miƙa jakar gaba, ta ce bari ta dubo abinci.

Ba ta gama buɗe tukunya ba Aina'u maƙwabciyarta ta faɗo madafin. Aina'u irin matan nan ce da in kaza ta yi tari a unguwa sai ta gano wanda ya sa ta.

"Kin gani ko?" ta ce da raɗa.

"Na ga me?"

"Haba Hure, kada ki mai da ni yarinya. Duk jakunkunan duniya, masu fure, masu tsuntsu, a rasa wadda za a sako wa 'yarki sai mai 'yan kala? Wannan magana ce. Mutanen birni ba sa zagi da baki. Ba ki ga yadda ake sa wa atamfa suna, a ɗinka a je biki don wata ta gani ta ƙone ba? To wannan habaicin masu kuɗi ne. Cewa suke, mun san asalinki."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji Hure. "Wataƙila mu ne muka tsargu."

"To tsargu ɗin. Amma uwar ango da hannunta ta zaɓo, kin ji da kunnenki."

Aina'u ta fita da tiren shinkafa, ta bar Hure da wuta biyu, ta murhu da ta ƙirji. Sai duk abin da ya wuce ya dawo mata da sabuwar fuska. Da suka shigo, Hajiya ta ce, "Kai, garinku akwai albarkar gona." Me take nufi? Wata cikinsu ta daɗe tana kallon turmin gyaɗa da ke jingine. Wata ta ƙi shan ruwan randa, ta ce tana da na roba a mota. Ko gaisuwar ma, Hure ta auna ta ta ga kamar an tauye mudun.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita ba ta taɓa jin kunyar kala ba, don ba sata ba ce. Amma ba ta yi goyon shekara da shekaru don a kai yarinyar gidan da za a riƙa rataya mata gori a kafaɗa ba. Ta san abin da ake yi. In aka mayar da ko ɗankwali ɗaya daga cikin lefe, magana ta lalace, balle a ce a kwashe duka. Ta kuma san yadda Humaira ke son yaron nan, ko sunansa aka ambata sai ta rasa inda za ta sa idonta. Duk da haka Hure ta ƙudura a ranta, in dai ta tabbata gori ne, akwatunan nan shida a motar da suka zo za su koma, ko da Humaira za ta shekara ba ta yi mata magana ba.

Ta wanke hannu, ta gyara mayafi, ta dawo ta zauna daf da Hajiya Fauziyya. Ta sa aka miƙo mata jakar, ta ɗora a cinya.

"Hajiya, ni ban yi boko ba. Matan nan me suke yi ne?"

Matan gari suka dubi juna. Kowace ta san Hure ta fi kowa sanin amsar. Hure kuwa ba jakar take kallo ba, fuskar Hajiya take kallo, don labarin zuciya a tambayi fuska.

Hajiya ta cire tabarau ta kara jakar kusa da idonta. "Wallahi ni ma sai da na tambaya. Wai talakawan Turai ne na zamanin da. In an gama girbi sai su bi gona suna tsintar abin da ya zube." Ta girgiza kai. "Abin tausayi. Kin san su ba su da zakka. Mu nan wa zai bar mace ta yi wannan?"

Hure ta zuba ido tana jiran ɗan murmushin nan na gefen baki, ko satar kallon 'yar'uwa. Babu. Matar nan tsakaninta da Allah take magana. Ba ta san kala ba, ba ta san ana yin ta a bayan katangar da ta jingina da ita ba. Wani sanyi ya fara sauko wa Hure. Ashe Aina'u ce da shirmenta. Har ta buɗe baki za ta yi dariya.

"Ai ke kin fi mu sanin harkar gona," Hajiya ta ci gaba, tana dafa gwiwarta. "Humaira ta ba mu labari. Ta ce da gonarki ta gyaɗa kika yi mata karatu tun daga firamare, ke kaɗai, har 'yan ƙwadago kike ɗauka. Uwar ango ta ce mace irin wannan a gaishe ta. Shi ya sa ma da ta ga mai hoton gona ta ce wannan ta gidan manoma ce. Tana ina ne gonar? Mun wuce ta a hanya?"

Hure ta fasa dariyar. Ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa a duniyar nan, in ba inda za a haƙa mata kabari ba. Tun ɗazu take neman mai jin ƙyamar kala a cikin baƙi, ta duba fuska bakwai ɗaya bayan ɗaya, ashe mai ita tana bayan labule.

Labulen ya ɗan motsa, ya tsaya.

Aina'u ta ja numfashi za ta yi magana. Hure ta miƙa ƙafa ta ƙarƙashin zane ta take mata ɗan yatsa. Matan gari wajen talatin ne a tsakar gidan, babu wadda ba ta taɓa ganin Hure a gonar mijinta ko ta ubanta ba, duƙe, da ƙwarya a gefe. Kalma ɗaya ta isa.

"Tana can bayan gari," in ji Hure. "Ba ta kan hanya."

Sai tsohuwar nan da ta ƙi yarda da jakar ta gyara zama, ta ce, "Gona mai albarka kuwa."

"Ƙwarai," in ji wata.

"Ƙwarai da gaske," in ji Aina'u, tana murza yatsanta.

Aka ci abinci, aka ba da tukwici, aka yi addu'a. Bayan la'asar motocin suka tashi babu akwati ko ɗaya a cikinsu. Matan gari suka watse, kuma abin mamaki, yau babu wadda ta tsaya a zaure ƙarasa zance.

Hure na zaune a kan tabarma da jakar a gabanta lokacin da Humaira ta fito. Idanunta sun kumbura. Ta durƙusa nesa kaɗan, kamar baƙuwa.

"Inna, ranar da suka tambaye ni ne, duk suna zaune, sai na ji bakina ya..."

"Sun yaba da abincin?"

"Inna, don Allah."

"Na ga Hajiya ta ƙara miya. Mutanen kirki ne. Ki riƙe su da kyau."

Humaira ta fashe da kuka. Hure ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma yi mata faɗa ba. Abin ya yi mata ciwo fiye da duk gorin da ta shirya ji daga bakin baƙi, ba ta kuma san inda ake mayar da irin wannan ba. Ta sa gefen mayafinta ta goge ƙurar da hannuwan mutane suka bari a jikin jakar. Ta daɗe tana kallon matan uku. Ko wane ne Baturen nan, ya tsaya a gona ya gani da idonsa.

"Zo ki karɓi kayarki," ta ce.

Humaira ta matso. Hure ta ɗora yatsa a kan ta ukun, wadda ta ɗan miƙe.

"Wannan ba uwar ɗakinsu ba ce. Bayanta ne ya riƙe. In ka daɗe a duƙe, ba ya yarda ka miƙe gaba ɗaya, sai ka tsaya a rabi ka jira shi." Ta saka mata jakar a hannu, ta dafa ƙasa, ta tashi a hankali. "Amma in sun tambaye ki, ki ce ba ki sani ba."