Bututun da Ba Ya Kumfa

Shekara talatin da ɗaya mai waldan ya yi yana haɗa bututu. Ya haɗa na ruwa, ya haɗa na gas, amma bai taɓa haɗa wanda mutane za su shiga ciki ba sai wannan karon.

Kamfanin da ya ɗauke shi yana son gina wata irin hanya ce: dogon bututun ƙarfe, a zuƙe kusan duk iskar da ke cikinsa, sannan a saka ƙaramin tarago mai siffar kafson magani ya riƙa gudu da fasinja, ba iskar da za ta tare shi. Ana cewa gudunsa zai kusa na jirgin sama. Wannan dai yana kan takarda. Abin da ke ƙasa shi ne bututun gwaji mai tsawon mita ɗari biyu, kwance a kan ƙafafun siminti a bayan masana'anta. Mahaɗa ashirin da huɗu gare shi. Shi da abokin aikinsa Sanƙo suka raba, kowa ya buga alamarsa a gefen ɗinkin da ya yi.

Ranar Litinin aka kunna injin zuƙe iska, ya yi ta gurnani har allurar agogon awo ta sauka inda ake so. Aka kashe shi. Kamata ya yi allurar ta tsaya cik. Sai ta fara hawa a hankali, kamar tafiyar hawainiya. Iska na shiga ta wani wuri.

Washegari da safe manaja ya tara su a gindin bututun.

"Zuwa ƙarfe huɗu na yau," in ji shi. "In ba a gano wurin ba, zan kira kamfanin nan mai na'urar bincike su karɓi waldar gaba ɗaya, har da mita ɗari takwas da suka rage."

"Ranka ya daɗe, a duba robar ƙofar bututun," in ji mai waldan. "Ɗinkina ba ya yoyo. Na gwada duka, na sa hannu."

Manaja ya juya, ya koma ofis.

Injiniyar da ke kula da gwajin 'yar ƙanwar mai waldan ce. Ita ta kawo sunansa lokacin da ake neman gwanaye. A gaban mutane Injiniya yake ce mata, ita kuwa ko a gaban wa Kawu take cewa. Ta jira kowa ya watse, sannan ta matso.

"Kawu, sau biyu na canza robar ƙofar nan. Da me kuka sake gwada ɗinkin jiya?"

"Da abin da ake gwadawa mana. Ruwan sabulu. Bayan kun zuƙe iskar na bi su ɗaya bayan ɗaya da buroshi. Ko kumfa ɗaya ban gani ba."

Sanƙo, wanda ke zaune a kan tukunyar gas yana goge gilashin walda, ya ce, "Ke 'yar nan, tun kina rarrafe kawunki ke shafa sabulu. Shi ya sa bututunsa ya fi shi tsabta."

"Kai da sabulu bai bar maka ko gashi ɗaya ba?" in ji mai waldan.

Injiniya ta yi murmushi. Ta ɗauko robar ruwa da aka shanye, ta rufe murfin tam, ta huda gefenta da tsinin waya, ta shafa ruwan sabulu a wurin.

"Kawu, matsa ta."

Ya matsa. Kumfa ta taso, ta fashe.

"Ka gani," in ji shi.

"To, yanzu saki."

Ya saki. Robar ta fara komawa yadda take. Ɗigon sabulun da ke bakin hudar ya lotsa, ya shige ciki, ya ɓace. Ba kumfa, ba alama.

Ya daɗe yana kallon robar. Duk bututun da ya taɓa haɗawa, abin da ke ciki ne ke neman fita. Wannan kuwa na waje ne ke neman shiga. Jiya ashe sabulu ya yi ta ɗura wa bututun, yana murna.

"Rashin sani ya fi dare duhu," in ji Sanƙo a hankali. Wannan karon ba wasa yake yi ba, domin shi ma ya riƙe bokitin.

"Injiniya, har yanzu akwai sauran zuƙa a ciki?"

"Akwai, Kawu. In na kunna injin na rabin awa zai ƙara ƙarfi."

"Kunna."

Ya nufi sito, ya karɓo ledar nan marar kauri da ake naɗe kayan aiki da ita, ya yanka ta falle-falle. Tunda abin zuƙa yake yi, to a ba shi abin da zai zuƙa. Suka fara daga mahaɗa ta ɗaya. Sanƙo na kan tsani ta sama, shi yana kwance a ƙasa, suna shimfiɗa ledar a kan ɗinki suna janta a hankali, taƙi bayan taƙi. Aikin ba ya son gaggawa. Rana ta take, ƙarfen ya ɗau zafi, suka ci gaba.

Na Sanƙo goma sha biyu suka wuce lafiya.

Ƙarfe uku saura kwata, a mahaɗa ta goma sha bakwai, can ƙasa inda sai mutum ya kwanta rigingine yake iya walda, ledar ta maƙale. Ya ja, ta ƙi. A tsakiyarta ga ɗan lotso kamar kan allura. A gefe kuma ga alamarsa.

Ya zagaye wurin da alli. Bai tashi ba sai da suka gama sauran bakwai ɗin, don kada a ce ɗaya ce alhali biyu ne. Ɗaya ce.

"Bari in je in gaya wa manaja, Kawu," in ji Injiniya.

"A'a, 'yata. Wanda ya sa hannu shi zai je."

Ya kaɗe rigarsa, ya shiga ofis. Ya faɗi lambar mahaɗar, ya faɗi na wane ne, ya faɗi yadda ya yi gwajin da abin da ya sa gwajin bai nuna komai ba. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Manaja ya juya biro a hannunsa na ɗan lokaci.

"Ba zan kira su ba. Amma daga yau sa hannunka bai isa ba. Duk ɗinkin da ka yi, sai Injiniya ta duba ta sa nata, kafin ka taɓa na gaba."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Aka buɗe wa bututun iska. Ya goge wurin da injin gurza har ƙarfe ya yi fari, ya sake ɗinke shi. Da aka sake zuƙewa, allurar ta tsaya inda aka bar ta.

Bayan mako biyu aka kawo sababbin bututu. Ya gama mahaɗa ta ashirin da biyar da hantsi, ya ɗaga gilashi, ya duba ɗinkin. Ya yi kyau, ya kuma san ya yi kyau. Injiniya tana wani taro, aka ce sai nan da minti arba'in.

"Mu fara ta gaba mana," in ji Sanƙo. "Wa zai sani?"

Mai waldan ya kashe injin, ya cire safar hannu, ya jawo benci inuwa, ya zauna yana jiranta.