Makirufon da Na Saya wa Mama

Ranar Alhamis za a yi wa mahaifiyata aiki a maƙogwaro, kuma likita bai ɓoye mana komai ba: za a cire ciwon, amma har da muryar za a tafi. Shekara talatin Mama Rhoda tana ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu a Samaru, amma ba mu da muryarta a ɗauke, sai wani bidiyon biki da ganga ta danne kowa.

Ina da wani ɗaki da nake kira situdiyo. Ƙanwata Happiness tana kiransa akurki, saboda kiret ɗin ƙwai da na manne bangon da su. Kwamfuta akwai, akwatin sauti akwai, makirufo ne ya mutu. Ranar Litinin na hau bas zuwa Sabon Gari, shagon Ebube mai kayan sauti.

Ya ajiye min guda biyu a kan kanta. Ɗaya na riƙewa a hannu, irin wanda ake wa'azi da shi. Ɗayan kwandensa, irin na situdiyo mai tsananin ji, kwance cikin soso a akwatinsa.

"Wa zai yi waƙa?" in ji shi.

"Mama. Muryarta ta yi ƙasa."

"Mordecai, ɗauki na hannu. Kwandensa ba ya rufa asiri. Ko miyau ka haɗiye, sai ya faɗa wa duniya."

Raina ya ɓaci. Ni da na kwana uku ina bincike a waya, a ce mai shago zai koya min? Na ce uwata ba za ta yi waƙarta ta ƙarshe a makirufon masu tallan magani ba. Ebube ya ɗaga kafaɗa, ya sa min kwandensa a leda.

Talata da hantsi Mama ta ɗaura zanen Zumunta, ta kafa ɗankwali, alhali ba mai ganinta sai ni. Na kashe fanka, na hana Happiness daka yaji. Mama ta tsaya gaban makirufo ta rera waƙar godiyar kaka tun daga farko har ƙarshe. Ina zaune ina share hawaye, don a kunnena babu abin da ya kai ta.

Sai rawar kai ta sa na ɗora mata abin saurare a kunne, na kunna.

Ebube bai yi ƙarya ba. Komai ya fito: shaƙewar, da fito-fiton da numfashinta yake yi, da wurin da muryar ta tsinke ta lallaɓa ta kamo. Ashe duk watannin nan, idan tana waƙa, tsohuwar muryarta take ji a cikin kanta. Ni na fara jiyar da ita wadda ta rage.

Ta cire abin a hankali. "Wace tsohuwa ce wannan?"

"Mama, zan gyara. Akwai yadda ake yi."

"Goge."

"Mama, don Allah."

"Jikokina ba za su san ni da wannan ba. Goge ina gani."

Na goge. Har kwandon sharar kwamfuta ta sa na buɗe na zubar, ban san inda ta koyi wannan ba. Na ce bari in aro na hannu mu sake. Ta ce ta gaji. Washegari aka ba ta gado a asibiti.

Bayan mako biyu ta dawo gida da bandeji a wuya da ɗan littafin rubutu. Ranar Lahadi matan Zumunta suka zo gaishe ta, suka cika tsakar gida da waƙa, wata yarinya tana bayarwa a madadinta. Mama tana tafi, leɓenta yana motsi. Na kasa tsayawa, na shige ɗakina.

Da suka watse ta biyo ni, ta zauna bakin kujera, ta rubuta ta miƙo min: "Sa min waƙar nan in ji."

Na tsaya ina kallon takardar. Ta karɓe ta ƙara layi ɗaya, tana murmushi: "Na san ka. Ka ɓoye guda ɗaya."

Ban ɓoye ba. Ta ɗauki abin sauraren da kanta, ta gyara ɗankwali ta sa a kunne, tana jira in kunna.