Ƙwarin Kainuwa

Cewa aka yi ƙwarin Malama Hawwa'u sun bar ruwa sun shiga rumbun Haladu, sun mayar masa da dawa gari. A bakin rijiya maganar ta taso, kafin kasuwar Gummi ta ci har an ce sun fara cizon jarirai.

Ita kuwa shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare, ba ta ɗaukar "an ce". Tun da kainuwa ta rufe tafkin garin, kifi ya ƙare, shanu suka rasa inda za su sa baki, ita da mata shida suke kiwon ƙwarin a robobi bayan makaranta, ba ko sisi. Wani malamin gona ne ya kawo musu irin, ya ce kainuwa kaɗai suke ci, in sun yi yawa a zuba su tafki. Wata takwas suna wannan hidima.

To, shi ma malamin gonar ɗan Adam ne, yana iya kuskure. Sai ta zuba tafin dawa mai kyau a kwalba, ta sa ƙwari ashirin, ta ɗaure bakin da ƙyalle, ta roƙi mai gari kwana goma kafin a taɓa ƙwarin robobin. Ya ce ya ba ta.

Ran na goma da hantsi ta ɗauko kwalbar ko buɗewa ba ta yi ba, don a gani gaban jama'a. Tun kafin ta sha kwanar makaranta warin maganin feshi ya tare ta. Ga Haladu da tanki a baya yana bin robobin ɗaya bayan ɗaya, maza sun tsaya suna kallo.

"Haladu! Mi kaka yi?"

"Umurnin mai gari na, Inna Malama."

"Kwana goma munka yi da shi."

"Awo. Ai yau goma."

Ta leƙa roba ta farko. Ƙwarin sun taso saman ruwa, ƙafafu a sama.

"Ka ko duba na cikin rumbunka? Irin waɗanga na?"

"Ƙwaro ƙwaro na, Malama. Duk dogon baki gare su."

"Kai ma dogon baki gare ka, ban sa an yi maka feshi ba. Tun kana aji ukku haka kake, ka ba da amsa ba a gama tambaya ba."

Wasu suka yi dariya. Haladu bai daina matsa famfon ba.

Atine, Bafulatanar da ke ɗebo musu kainuwa kullum, tana tsugune gefe da ƙwaryarta. Ta ce, "Malama, rani ya taho. Ina shanu za su sha?"

"Gulbi," in ji wani.

"Hanyar gulbi? Kai ka kai su, tun da ba ka san su wa ke tare ta ba."



Malama Hawwa'u ta karɓi faifan da ke kan ƙwaryar Atine, ta kwance ƙyallen, ta juye kwalbar. Mazan suka matso. Ta baza dawar da yatsa a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa, tana juya kowace ƙwaya. Babu huji ko ɗaya, babu gari. Ƙwarin ashirin suna kwance a tsakani, sun bushe.

Yunwa ce ta kashe su a kan dawa.