Huda Ɗaya

Da daminar 1998 aka kawo Tambaya daga 'Yandoto zuwa wani asibiti a Gusau, gudawa ta tsotse ta, ido ya zurma. Ita kaɗai ce Allah ya ba uwarta Hauwa'u bayan dogon jira, shi ya sa ma aka sa mata wannan suna. Likita ya ce a ɗebi jini a auna, aikin ya faɗa kan Rut, nas ɗin da ke ɗakin yara.

Rut ba baƙuwar aiki ba ce. Ta san kwalba mai jan murfi ake fara cikawa, domin babu komai a cikinta. Mai murfi shunayya tana zuwa daga baya, don akwai garin hana jini daskarewa a gindinta, garin kuwa cike yake da gishirin fotasiyam. Ko ɗigo ya tsallaka cikin ja, awo ya tashi a banza.

To amma jijiyar yarinya ta ɓuya. Da ƙyar sirinji ya jawo ɗan abin da ya jawo, Tambaya na wani siririn kuka mai cin rai. Cikin ruɗewa Rut ta fara juyewa a shunayya, ta duba ta ga sauran jinin bai isa a zuba a ja ba. Ta miƙa hannu ga sabuwar allura, sai Hauwa'u ta riƙe mata gefen riga.

"Sista, don Allah ki bari. Wane jini ya rage ga ɗiyar ga? Kada ki ƙara huda min ita."

Tausayi dai wani lokaci mugun mashawarci ne. Rut ta buɗe shunayya ta tsiyaya kaɗan cikin ja, ta rufe, ta aika ɗakin awo.

Sakamako ya dawo, wai fotasiyam ya yi wa yarinya yawa, alhali gudawa ta riga ta wanke shi daga jikinta. Likita ya sa aka cire ruwan da ke mayar mata da shi, aka ɗaura mai rage shi. Kafin la'asar zuciyar Tambaya ta tsaya.

Sai bayan nan Markus, shugaban ɗakin awo, ya dawo daga Bungudu ya ga sakamakon. Ya iske Rut a baranda.

"Rut, wace kwalba kika fara cikawa?"

Rut ta zame ta zauna a ƙasa, shi ma bai sake tambaya ba. Ta san garin nan na shunayya ne ya ɓata awo.

Ana fita da gawa naɗe a zane, Hauwa'u ta hango Rut, ta ratso mutane ta kama hannunta biyu.

"Sista, Allah shi saka miki da alheri. Kwananta ne ya ƙare. Amma duk asibitin ga ke kaɗai kika ji tausayinta, huda ɗaya kika yi mata."