Ranar Tarun Kawu Miralebbe

Kada wani ya ce Taslim mantawa ya yi. Ya san ranar Alhamis ce, ya kuma san Alhamis ta kawunsa Miralebbe ce. Masu taru huɗu ne suka raba gaɓar Wuyan Tulu a tsakaninsu, kowa da ranarsa, kuma sati uku ke nan ranar Kawu tana zuwa tana wucewa ba a kama abin kirki ba. Mutum talatin ke ci daga tarun nan, ban da shi Kawu. Tun shekaranjiya tsoho yake cewa ya ga tsuntsaye suna shawagi daga kudu, kifi na tafe. A gaban Taslim ya faɗa, suna shan shayi.

Abin da ya ci Taslim bakinsa ne. Turawa uku da yake ɗauka a kekensa mai ƙafa uku, maza biyu da mace ɗaya, sun ishe shi da ƙorafi. Wai sun baro ƙasarsu don su hau raƙuman ruwa a natse, sun zo nan garin Arugam sun tarar da teku kamar kasuwar Pottuvil ranar jajiberin salla, allon hawan ruwa yana karo da allo. Ga shi jibi za su tafi. Maimakon ya ba su haƙuri ya ja bakinsa, sai ya gyara zama ya ce ai su ba su ga komai ba, shi ya san wurin da ko sawun Bature babu.

Ya kuwa sani. Wuyan Tulu yake nufi, a can ya girma, don Kawu ne ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa, daga baya ya ba shi 'yarsa Fawmiya da gidan da suke ciki. Doka ɗaya ce tsoho ya taɓa kafa masa: ya kai wanda ya ga dama, amma ranar taru ba mai shiga ruwa sai an jawo taru gaɓa. Taslim ya lallashi kansa da cewa raƙuman a hancin dutse suke fashewa, taru kuwa can ciki ake zuba shi. Awa ɗaya su yi su fita, wa ya rasa me?

Bayan asuba suka kama hanya, alluna a ɗaure a saman keke. Rani ya yi nisa, tafkin da ke bayan gari ya ja baya ya bar laka a tsattsage, ɓauna suna kwance a ɗan abin da ya rage. Sau biyu yana kauce wa kashin giwa mai tururi. Turawan suna ta nuna dawisu da yatsa.

Wurin yana nan yadda ya bar shi. Yashi fari har iyakar gani, raƙuman ruwa suna zagayo dutse ɗaya bayan ɗaya, a jere. Can nesa, ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, mutanen Kawu na zaune kusa da kwalekwale. Taslim bai je ya gaishe su ba. Ya san idan ya gaisa zai tambaya, idan ya tambaya za a hana shi, saboda haka ya ajiye keke a bayan dutse kamar ɓarawo.

Jawfar ne a saman dutsen, ɗan Kawu, taubashinsa kuma yayan matarsa. Shi ke hangen kifi.

"Direban Turawa," in ji Jawfar, bai ko juyo ba. "Kalandar gidanku ta yage ne?"

"Awa ɗaya ce, taubashi. Kafin ka gama hamma sun fito."

"Je ka faɗa wa Baba haka."

Taslim ya yi dariyar yaƙe, ya nuna masa usur ɗin da ke wuyansa. Ya ce sun yi da baƙin, da ya busa za su fito.

Gaskiya a faɗe ta, ya ji daɗin rabin awar farko. Baturiyar ta ba shi wayarta ya ɗauke ta, yana tsaye yana kallon yadda suke sulalewa a jikin ruwa, yana jin kansa wani babba. Yana cikin haka Jawfar ya miƙe zumbur ya ɗaga farin ƙyalle. Taslim ya duba ya gani. Wani baƙin tabo ne a kan ruwa, faɗinsa ya kai filin ƙwallo, yana tahowa a hankali daga kudu, tsuntsaye na binsa. Can ƙasa har an tura kwalekwale, ana zuba taru.

Nan ne ya kamata ya busa. Usur ɗin yana hannunsa. Amma a daidai lokacin wani raƙumin da ya fi duk na safiyar ya taso, Baturiyar ta miƙe a kansa, wayar tana ɗauka. Ya ce a ransa bari ta gama wannan. Numfashi goma ne, bai fi ba.

Kifin ta hancin dutse ya biyo. Baturiyar ta faɗo a tsakiyarsu, mazan biyu suka bi bayanta suna dukan ruwa da hannu suna ihu don murna. Tabon ya tsage biyu, ya dusashe, ya koma teku. Sai a sannan Taslim ya busa, busar da ba ta da amfanin komai. Jawfar ya sauke ƙyallen, ya sauka daga dutsen ta ɗaya gefen.

Tarun da aka zuba dole a jawo shi, da kifi ko babu. Taslim ya bar baƙinsa ya tafi ya kama igiya a bayan layi. Ba wanda ya matsa masa, ba kuma wanda ya kore shi. Awa biyu suna ja da baya a yashi mai ƙuna, ba waƙar da aka saba, sai nishi. Tafin hannunsa na direba ya saɓule, ya kuma ji daɗin zafin, kamar zai rage masa wani abu. Da jakar taru ta fito, ciyawar teku ce da ƙananan kifi kwando biyu. Turawan suka zo suna ɗaukar hoto, suna cewa wannan ce ranar da ta fi kowace daɗi a tafiyarsu.

Kawu ya tsuguna ya raba, tsibi-tsibi a kan yashi, kowanne bai cika tafi biyu ba. Da kowa ya ɗauka, saura ɗaya, ya kira Taslim. Duk wanda ya taɓa igiya yana da rabo, haka ake yi a gaɓar nan. Taslim ya ce a bar shi, shi bai cancanta ba.

"Ka ja ko ba ka ja ba?"

"Na ja, Kawu."

"To ɗauki. Ka gaida gida."

Ko kallon banza bai yi masa ba. Da zagi ne da ya fi sauƙi.

Da azahar ya shiga gida da ledar a hannu, ya shirya ƙarya kala uku a hanya. Fawmiya ta karɓa ba ta tambayi komai ba. Ta soya da barkono, ta zuba masa shinkafa, ta juye kifin gaba ɗaya a farantinsa, ta zauna a gabansa ba ta ɗibi nata ba. Ya ce ta kawo faranti su raba.

"Yaya Jawfar ya kira ni," in ji ta. "Tsibi talatin da ɗaya Baba ya yi, ku talatin da biyu ne da kai. Ci. Rabon Baba ne."